Ragowar Harajin Mai Kujeru

Mai kujeru ake ce masa a layin, don sana'arsa ke nan: ya yaye tsohon yadi, ya cusa sabon soso, ya ɗinke. Bara wani otal ya ba shi aikin kujerunsa gaba ɗaya, ya samu kuɗin da bai taɓa riƙe irinsu ba. Kafin shekara ta zagayo, ciwon ƙodar matarsa ya lashe su tas. Sai ga takarda daga ofishin harajin jiha, wai akwai ragowar da bai biya ba a kan abin da ya samu bara.

Ya sa rigarsa mai dama-dama ya tafi. Ya daɗe a kan benci kafin a kira lambarsa. Ma'aikaciyar da ke bayan gilashi ba ta da faɗa, gajiya ce kawai a muryarta.

"Malam, hanyoyin biya suna da yawa. Za ka iya zuwa banki ka biya duka. Ko ka biya da kati ta waya, amma akwai ɗan caji."

"Hajiya, ba hanyar ce ta gagare ni ba. Abin biyan ne babu."

"To akwai biya kaɗan-kaɗan. Duk wata mu cire daga asusunka, da ruwa a kai."

"In na kawo takardun asibiti fa?"

"Za a duba. Amma dubawar tana ɗaukar watanni, tarar jinkiri kuma ba ta jira."

Ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ba kwa karɓar gyara a madadin kuɗi? Na ga kujerunku duk sun yage."

Ta yi murmushi, ta turo masa takarda da biro. Ya sa hannu a kan biyan wata-wata.

Watan farko ya wuce lafiya. A na biyu, cirar ta faɗo ranar wankin ƙoda. Yana tsaye gaban mai karɓar kuɗi a asibiti, matarsa na jingine da bango ƙafafu a kumbure, na'ura ta ƙi katinsa. Aka sake gwadawa, ta ƙi. Ya duba waya, ya ga ofishin haraji ya riga shi tun da safe.

"Baban yara, mu koma gida," in ji ta. "Zan iya jira."

Ba ta iya ba. Kafin kwana biyu numfashinta ya fara sarƙewa, ya kira yayarsa. Ta zo da abin da ta samu, ta ja shi waje.

"Ƙanena, wallahi wannan ne na ƙarshe, mijina ya fara magana. Ka sayar da keken ɗinkin nan ka rabu da su gaba ɗaya."

"Yaya, in na sayar da keken, da me zan ci?"

"In ba ka sayar ba, duk wata haka za ka tsaya a asibiti."

Dogo, mai shagon kujeru na tsallaken titi, shi ya sayi keken. Da aka zo ɗauka, mai kujeru ne da kansa ya kwance bel ɗin, ya nuna wa Dogo inda yake son mai. Ya je banki ya biya ragowar duka, aka buga masa hatimi, aka kira na gaba.

Ya mayar wa mai shagon da yake haya makullinsa. Yanzu wajen Dogo yake aiki, a kan keken da ya sayar, ana biyansa kujera-kujera. Abin da yake samu ba ya kai wa wanki biyu a mako, sai suka koma ɗaya.

Ranar nan da safe ya ɗauko mata mayafi za su fita asibiti, ta ƙi miƙa hannu.

"Ka daina kai ni," in ji ta. "Yara na buƙatar takalman makaranta."

Ya tsaya riƙe da mayafin. Ya zauna a bakin gado kusa da ita, har lokacin zuwansu ya wuce.