Tudun Yashin da Ya Tare wa Baba Teku

Shekara uku teku na cin gonar kwakwarmu, har ya rage taku goma sha biyu tsakaninta da kabarin Baba, da ke can ƙarshen gonar.

Yayana Khoa ya ce a tono ƙasusuwan a dawo da su kusa da gida. Inna ta yarda, amma ba a taɓa kabari sai mai duba ya ba da rana. Mutumin ya ce shekarar bana ta yi karo da ta haihuwar Khoa, babban ɗa ba zai ɗaga mahaifinsa ba sai bayan sabuwar shekara. Wata biyar ke nan, kuma a cikinsu iskar gabas mai haukata teku ke tasowa.

"To, a je a faɗa wa teku ta jira," in ji Khoa.

"Rufe min baki," Inna ta ce. "Ubanka ko yana raye ba a sa shi gaggawa."

Ni kam tsoro ya cika ni, ga haushin Inna da ko a jikinta. Kullum da safe sai na auna da ƙafa. Goma sha ɗaya. Goma. Tara.

A damina kogi ya sauko jawur da laka fiye da kullum, ban kuwa kawo komai a raina ba. Sai wata safiya da ruwa ya janye, na ji Kawu Bay masunci yana ƙwala min kira.

"Nhan! Zo ki ga tsoho ya yi abin kunya!"

Kwale-kwalensa ne ya kafe a hanyar da ya shekara talatin yana bi. Ƙarƙashinsa tudun yashi ne dogo, kwance daidai gaban gonarmu.

"Kogi ya kawo, teku ta ƙi karɓa ta turo baya," ya ce. "Nan suka jibge rigimarsu. Yanzu ya fara girma."

Na duba. Igiyar ruwa can take fashewa a bayan tudun, ta iso gaɓarmu a gajiye, tana ajiye laka maimakon ɗiba.

Da gudu na koma gida.

"Inna, teku ta tsaya! Yau ma taku tara ne!"

Ta ajiye tukunyar shinkafa, ta zauna a ƙasa.

"Takwas da rabi," ta ce. "Ke ƙafarki ƙarama ce. Kullum kafin ki tashi na riga na auna."

Sannan ta fashe da kuka.