Bangon da Aka Shafa wa Man Gashi

Auta ba ta zubar da komai. Wannan ita ce cutarta, kuma duk wanda ya taɓa leƙa kicin ɗinta ya sani. Kwalbar da wani zai cilla a bola, ita sai ta wanke ta kife, ta ce wata rana za ta yi rana. Gwangwanin madara, cokalin roba, tsohuwar tayar mota, kowanne da aikin da ta tanadar masa. Tun da ta fara kallon bidiyon matan nan masu haɗa man shafawa a gida kuwa, sai abin ya ƙazanta. Ta daina sayen mai, ta daina sayen sabulu, komai a tukunyarta ake dafa shi.

Wanda ke shan wahalar kuwa mijinta ne, mai gyaran fanka, wanda kowa ke kira Injiniya. Bawan Allah, a kansa ake gwajin komai. Akwai ranar da ta shafa masa haɗin kurkum a fuska, ya tafi shago rawaya shar, masu kawo gyara suka riƙa yi masa sannu suna ba shi labarin maganin ciwon shawara. Har man gashi a kansa ake gwadawa, mutumin da tsakiyar kansa ko silin gashi babu. In ya yi ƙorafi ta ce ai shi ne ya fi dacewa, don in man ya yi aiki kowa zai gani.

Amma a wannan karon ba wasa ne a ran Auta ba. Mahaifiyarta ce damuwarta. Tun rasuwar Baba, Mama take zaune ita kaɗai a tsohon gida, ga ciwon gwiwa, ga ido ya fara rauni. Kwanakin baya ta zame a banɗaki, sai da maƙwabciya ta ji shirun ya yi yawa ta shiga ta ɗaga ta. Auta ta yi roƙo, ta yi kuka, ta yi fushi, a kan Mama ta dawo wurinta da zama. Amsar ɗaya ce kullum, wai ba ta son ta takura wa kowa. To ga shi yanzu Mama za ta zo ganin likitan ido da ke kusa da su, kuma za ta kwana ɗaya a gidan. Auta ta ƙudura a ranta cewa ɗakin da za ta sauke ta sai ya yi kyan da Mama ba za ta iya tafiya ta bar shi ba.

Matsalar ita ce ɗaki ɗaya ne ya rage a gidan, shi ne sito, inda Injiniya ke jibge gawarwakin fankoki. Da aka kwashe su, sai bango ya fito da fuskarsa ta gaskiya, duk tabon danshi da baƙin mai da shatin yatsu. Mai gidan hayar ya hana yin fenti, ya hana buga ƙusa, kuma ko da bai hana ba aljihun ba zai ɗauka ba. Auta ta koma kan wayarta. Can ta ci karo da wata mata tana tsoma yadi a sitaci tana manna shi a bango, ya kwanta luf, kamar a haka aka gina gidan. Ta ce shi ke nan, an gama. Ta zazzago tsofaffin zannuwan gado masu furanni, ta wanke, ta goge, ta ɗora babbar tukunya ta dama sitaci.

A nan ne cutar ta motsa. A gefen murhu akwai wata roba cike da man gashin da ta haɗa ya ƙi haɗuwa. Ayaba ce a ciki da zuma da man kwakwa, man ya taso sama, ayabar ta kwanta a ƙasa, kowa ya kama gabansa. Injiniya ya rantse ba za a ƙara shafa masa shi ba, don ranar da aka gwada, ƙudaje ne suka raka shi har shago suka kuma dawo da shi gida. Mai hankali zai zubar. Auta ta dubi robar, ta dubi tukunyar, sai dabara ta faɗo mata. In ta juye shi a cikin sitacin, ai bangon zai riƙa ƙamshi, an huta da sayen turaren ɗaki. Injiniya ya ce a iya saninsa mai ba ya barin abu ya manne. Ta ce masa ya tsaya a kan fanka, a nan ilminsa yake. Ya riƙe mata tukunya ta juye.

Suka manne bango huɗu, kuma wallahi ya yi kyau. Sai dai sitaci ya yi saura, zani ɗaya ma ya yi saura. Ka san sauran zancen. Injiniya ya hau kan tebur, sitaci na ɗiga masa a sanƙo, suka manne silin ma. Ta kawo madubin da ta zagaye da cokulan roba masu launin zinare, ta jingina shi a kan akwati. Ta ajiye tayar da ta naɗe da igiya a matsayin kujera. Ta jera kyandirori a gwangwanaye, ga kwalaben man shafawa uku da ta haɗa wa Mama musamman, na fuska da na ƙafa da na gwiwa, duk da cewa abu ɗaya ne a cikinsu. Shi ma Injiniya bai yarda a bar shi a baya ba. Ya harhaɗa wa surukarsa fanka daga sassan matattun da aka fitar, ya kawo ta ya girke a kusurwa. Ya ja kunnen Auta cewa kada a kunna tukuna, don lamba ɗayanta ma ba ta san lallashi ba.

Mama ta iso da rana tsaka, ana zafi kamar a gasa mutum. Ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin ta daɗe tana kallo. Ta sa albarka, ta ce ya yi kyau ƙwarai. Sannan ta cire takalmi, ta shiga a hankali kamar mai tsoron kada ta taka wani abu, ta ɗosana a can bakin gado, jakarta a kan cinya. Ba ta cire mayafi ba. Ba ta taɓa komai ba. Auta ta miƙa mata man gwiwa, ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta mayar da shi daidai inda yake. Ruwan da aka kawo mata ma sai da ta nemi wurin da kofin ba zai yi shati ba. Ba a jima ba ta tambayi ƙarfe nawa motar farko ke tashi gobe in an gama da likita.

Duk wahalar nan, ga uwarta zaune kamar mai jiran layi a asibiti. Ta fara zuba surutu, tana nuna madubi, tana bayanin yadda ake naɗe taya, Mama na gyaɗa kai cikin ladabi irin wanda ake yi wa baƙo.

Sai Mama ta ɗaga hanci. Ta tambaya ko an manta da ayaba a ƙarƙashin gado. Auta ta ce sabon turare ne. Mama ta ce to, zamani ke nan. Ta ƙura wa bangon da ke gabanta ido, ta murza idon, ta ƙara dubawa, sannan ta ce lallai gara da ta zo ganin likitan nan, don yanzu har gani take furannin jikin bango suna tafiya.

Auta ta waiwaya. Furannin ba tafiya suke ba. Kiyashi ne, layi-layi, daga taga zuwa ƙasa, daga ƙasa zuwa silin, wasu na shiga bayan zani wasu na fitowa, kowa da guzurinsa. Duk kiyashin unguwar sun sami labari. Kafin ta gama haɗiye wannan, kusurwar zanin da ke sama ta saki, ta fara lanƙwasowa a hankali. Auta ta yi wuf ta miƙe ta dafe wurin, ta harɗe ƙafa, wai ita tsayuwar hira take yi.

Daidai nan Injiniya ya shigo gaida surukarsa. Ya durƙusa, ya yi mata barka da hanya, ya tambayi gwiwa. Auta ta yi masa nuni da ido. Ya duba, ya ga ɗaya bangon shi ma ya fara sallama. Ya ja da baya a durƙushe har ya isa wurin, ya miƙe ya jingina bayansa, ya ɗaga hannu ɗaya sama ya danne. Haka suka tsaya, miji a gabas mata a yamma, kowa ya tokare bango, kiyashi na hawa hannun rigarsu, suna murmushi suna amsa tambayoyin Mama a kan aiki da maƙwabta. Mama ta ce su zauna mana. Suka haɗa baki suka ce sun gaji da zama.

Zafi ya ishi tsohuwa. Ta ga yaran nan sun kafe a bango, ba ta son ta sa su aiki, sai ta miƙa hannu da kanta ta danna fanka. Ba lamba ɗaya ta danna ba, ta ƙarshe ta danna.

Fankar ta yi wani gurnani, ta girgiza, ta saki iska. Cokulan madubi suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya. Zanin silin ya kumbura, ya yi ciki, ya saki gaba ɗaya, ya faɗo musu a ka da danshinsa da maiƙonsa da kiyashinsa. Zannuwan bangon da ba mai riƙe da su suka biyo baya. Injiniya ya laluba cikin duhu zai kashe fanka, ya faɗa cikin kujerar taya, ta kama shi ta riƙe, ƙafafu a sama. Da ƙyar ya kai yatsan ƙafa ya fizge waya daga soket.

Ɗakin ya yi tsit. Su uku a ƙarƙashin zani ɗaya, ba mai ganin wani. Auta ta zauna daɓas a ƙasa, kuka ya ƙwace mata, kuka na gaske mai shessheƙa. Sai ta ji gado na motsi. Ta zabura ta ɗaga zanin, a zatonta wani abu ne ya sami Mama. Ashe dariya Mama take yi. Ta riƙe ciki, hawaye na zuba, ɓarɓashin ayaba a goshinta. Rabon Auta da ta ji wannan dariyar tun Baba na da rai.

Da ta lafa, Mama ta tambayi abin da aka zuba a sitacin. Auta ta faɗa mata. Dariyar ta dawo sabuwa, har sai da Injiniya, daga cikin tayarsa, ya ce shi dai ya faɗa tun farko.

"Mama, ni so nake ki zauna," in ji Auta, tana share hanci da gefen zanin. "Kullum wayata ta yi ƙara sai gabana ya faɗi, in ce an kira ne a ce kin sake faɗuwa. Na ce in ɗakin ya yi kyau ƙila ki yarda. Ga shi na ɓata komai."

Mama ta ciro kiyashi daga kunnenta ta duba shi ta yar. Ta ce lokacin da ta yi jinyar gwiwa a gidan yayar Auta, ɗakin da aka ba ta ya fi wannan kyau nesa ba kusa ba. Ba a bar ta ta ɗaga ko cokali ba. In ta tashi a ce ta zauna, in ta ɗauki tsintsiya a karɓe. Har ta kai sai ta ɓoye kofinta ta wanke a banɗaki, don dai hannunta ya taɓa ruwa.

"Da na shigo na ga ɗakin nan tsaf, sai na ce shi ke nan, nan ma ajiye ni za a yi a riƙa kallo," ta ce. "Ni ba wurin kwana na rasa ba, Auta. Gidan da za a ce Mama zo ki kama mana nan, shi na rasa."

Ta dubi bangon da ya fito tsirara, yanzu har da ƙarin maiƙo da ayaba a kan tabonsa na da. Ta girgiza kai ta ce wannan aikin ba na kwana ɗaya ba ne, kuma in aka bar su su biyu da shi, wata rana gidan za su rusa. Ta cire mayafi ta rataye a jikin fanka, ta ɗaure zaninta tamau. Ta ce wa Injiniya in Allah ya fitar da shi daga tayar nan, ya nemo mai mota da zai je ya kwaso mata keken ɗinkinta da tukwanenta. Sannan ta tambayi inda bokiti yake.

Auta ta ruga ta ciko shi da ruwa ta kawo bakin ƙofa. Mama ta sunkuya ta kama mariƙin, gwiwar ta yi ƙara, ruwan ya yi tangal-tangal. Hannun Auta ya miƙa da kansa, kalmar "kawo in ɗaukar miki" ta zo har bakinta. Ta haɗiye ta. Ta mayar da hannun bayanta ta riƙe shi da ɗayan, ta tsaya tana kallon uwarta tana ɗingisawa da bokiti zuwa bango, ruwa na zuba a ƙasa.

"Kin tsaya kina kallona," in ji Mama ba tare da ta juyo ba. "Miƙo min soso."