Likkafanin Ƙungiya

Ƙungiyar zumunta ta manoman Gafasa ba ta da wata dukiya sai adaka guda a zauren Datti, ma'ajinta. Duk kaka, in an sayar da gyaɗa, akan sayo farin alawayyo a Gaya a ƙara a ciki, don kada ɗan ƙungiya ya rasu a tsaya neman likkafani. Yadi ya taru har murfin adakar ya daina zama daidai.

Sai fari ya zo a 1973, gero ya bushe tun bai fid da kai ba. Maiwada, dattijon da ya kafa ƙungiyar, ya tara su ya ce a sayar da yadin a sayo hatsi. Datti ya ƙi, ya ce ai don shekara irin wannan aka yi tanadin.

Maiwada ya ce, "Yara na kwana da yunwa, Datti. In na riga ku, ku naɗe ni da abin da kuka samu."

Aka sayar, kowane gida ya ɗan sami tsaba. Kafin damina ta dawo Maiwada ya rasu. Datti ya buɗe adakar duk da ya san ba kome ciki, sannan ya warware rawaninsa. Wasu ma suka ba da nasu, aka harhaɗa aka ɗinka likkafani. Da ƙyar ya rufe ƙafafun.

Da gyaɗa ta sake yin kyau, aka aiki Datti kasuwar Ajingi ya fara sabon tanadi. A layin masu yadi, rana tsaka, ya hango wani tsoho yana murza alawayyo da yatsu yana jin kaurinsa, yadda Maiwada kan yi. Ƙafafunsa ba takalmi. Datti ya kutsa cikin jama'a, ya tarar ba kowa gaban yadin. Mai yadin ya ce tun safe ba wanda ya taɓa wannan bandir ɗin.

Datti ya sayo shi, ya kawo gida. Amma ya kasa barci da adakar a zaurensa, sai ya roƙi a sauke shi daga muƙamin ma'aji, aka ba Gwadabe maƙwabcinsa.

Bayan wani lokaci ya gaya wa Hure, matar marigayi Maiwada, abin da ya gani. Sai ta tambaye shi ko malam ya rame. Datti ya ce bai ga fuskarsa ba.