Mai Gyaran Kwamfuta

Da'irar nan ta ci gaba da juyawa a fuskar kwamfutar, ba ta tsaya ba, ba ta kuma haɗa ba. Sakatariya ta rufe manhajar hirar, ta sake buɗewa, ta buga linzamin kwamfutar a kan tebur kamar shi ya yi mata laifi.

"Ko fasa shi za ki yi ba zai haɗa ba," in ji dattijuwar da ke kula da sito, wadda ta shigo neman Manaja. "Tun makon jiya suka toshe duk wata manhajar hira. Wai gulma muke yi da lokacin kamfani."

"Ni ba gulma zan yi ba, Yaya. Yau za a yi wa yarinyata aiki."

Dattijuwar ta dafe ƙirji. Kowa a kamfanin ya san Sakatariya tana da 'ya ɗaya tilo, wadda uban ya karɓe bayan rabuwarsu, ya tafi da ita wata ƙasa. Abin da ba su sani ba, jiya ya aiko da saƙo gajere kamar na mai sallamar mabaraci: za a yi wa yarinyar tiyatar zuciya, idan tana son ganinta ta kira kafin azahar, bayan nan za a shiga da ita. Yau kuma da safe, a cunkoson shiga bas, wani mai dogon hannu ya zare mata waya daga jaka.

"To ga tawa, ki kira mana."

"Ubanta ba ya ɗaga baƙuwar lamba. In kuma na ce zan shiga asusuna a wayarki, lambar tabbatarwa layina za a tura wa, layin kuwa yana aljihun ɓarawo. Nan kaɗai asusuna yake a buɗe."

"To sai Injiniya ke nan."

Sakatariya ta ja tsaki. Ta gwammace ta haɗiye allura.

Ta buɗe saitunan manhajar da kanta. Ta gangara can ƙasa, inda aka rubuta saitin haɗi na ƙwararru, wurin da ba ta taɓa leƙawa ba. Akwatuna ne fanko suna kallonta: nau'in firoksi, wato hanyar kewaye shinge, adireshin saba, wato uwar kwamfutocin kamfani, lambar mashiga, sunan mai shiga, kalmar sirri. Ta zaɓi na farko, ta kwafi wani adireshi da ta gani manne a jikin firinta, ta ƙirƙiri lamba ta zuba. Jan rubutu ya fito, an ƙi haɗin. Ta zaɓi na biyu, ta sauya lamba. Jan rubutun ya dawo. Ta sa sunanta da kalmar sirrin da take buɗe kwamfutar da ita. Wannan karon manhajar ta yi jim, har zuciyarta ta ɗaga, sannan jan rubutun ya sake fitowa.

Ta miƙe ta fita.

Ɗakin Injiniya yana ƙarshen baranda, bayan banɗaki. Sanyi kamar ɗakin ajiyar gawa, injuna na gurnani a cikin kabad na ƙarfe, wayoyi shuɗɗa sun harɗe a ƙasa. Yana zaune ya ba ƙofa baya, yana warware cikin wata kwamfuta. Ƙanen tsohon mijinta ne. A gidanta ya zauna lokacin yana karatu, ita take wanke masa kaya, ita take ɓoye masa abinci idan ya yi yawo ya makara. Da ya gama, ita ta roƙi Manaja aka ɗauke shi. Shi ne kuma ya tsaya gaban alƙali ya ce matar yayansa aiki ya fi mata 'yarta, yarinya a hannun maƙwabta take wuni. Tun ranar ko gaisuwa ba ta haɗa su.

"Ina son ka buɗe mini manhajar hira a kwamfutata."

Bai juyo ba. "A rufe take, Malama. Umarnin Manaja ne."

Da can matar Yaya yake ce mata, yana tsokanarta har ta bi shi da tsintsiya. Yanzu ta zama Malama.

"Na san a rufe take. Na kuma san kai kana hira a taka, ta firoksin da ka ɓoye wa kanka. Ka ba ni adireshin da lambar, ni zan sa da hannuna."

"Ke ce ashe kike ta buga ƙofar saba tun ɗazu da lambobin ƙarya? Ina gani a nan. Na ɗauka ɓarawo ne."

"Ɓarawo ai ya san ɗan'uwansa."

Sai a lokacin ya juyo, sukudireba a hannu. "Kin zo roƙo ne ko kin zo zagi? Ki zaɓi ɗaya."

"Ban taɓa roƙonka ba, kai ne ka girma kana roƙona. Wanda ya ci ya goge baki da zanen mai gida, me za a roƙa a wurinsa?"

"To je ki samo izinin Manaja. Yana dawowa da yamma."

"Da yamma an riga an yanka ta!"

Maganar ta fito da ƙarfin da ba ta yi niyya ba. Injiniya ya ajiye sukudireban a hankali.

"An yanka wa?"

"Kada ka raina mini hankali. Ku da kuke ƙulle-ƙullenku tare."

"Na ce an yanka wa?"

Ta dube shi da kyau. Ta san fuskar nan tun ba ta da gemu, ta san yadda take idan yana ƙarya. Wannan ba ita ba ce.

"Yayanka bai gaya maka yau za a buɗe ƙirjin 'yarsa ba?"

Can ya ce, yana kallon ƙasa, "Rabona da jin muryarsa tun da suka sauka can. Ya toshe ni. Hajiya da ta haife mu ma sai ta kira ta gaji. Kullum tambayata take ina jikarta."

Dariya ta ƙwace mata, marar daɗi. "Ashe an gama da tsani an jefar. Allah sarki. Duk rantsuwar nan a kotu, ko tukwicin gaisuwa ba a ba ka ba?"

"Abin da na gani na faɗa."

"Ka ga ina fita aiki. Ba ka ga abin da kake ci daga aikin ba."

Ya ture kujera, ya wuce ta gabanta ya nufi ofishinta, ta bi bayansa. Dattijuwar sito ta gan su tafe, ta tattara zanenta ta fice.

Ya zauna a kujerarta ba tare da neman izini ba. Ya goge duk abin da ta zuba. Ya sauya nau'in firoksin, ya rubuta adireshi, ya rubuta lambar mashiga, ya yi kuskure ya sake. Da ya zo kan sunan mai shiga sai ya tsaya.

"Da sunana za a shiga. Komai yana rubuta kansa a saba. In Manaja ya duba, ni za a kora, ba ke ba."

"Kana jira in ce na gode?"

"Ina gaya miki ne kawai."

"Na ji. Juya baya zan yi ko za ka iya rubuta sirrinka ina kallo?"

Ya rubuta tana kallo. Ya cire alamar da ke hana kiran bidiyo bi ta firoksin, ya danna ajiye. Da'irar ta juya, ta juya, sannan ta koma ɗigo kore. Saƙonni suka fara zubowa.

"Tashi," ta ce.

Ya tashi. Ta zauna, ta gyara ɗankwali, ta share fuska da bayan hannu. Kafin ta danna kira ta ji ya ce, da wata irin murya da rabonta da ji tun yana ɗalibi, "Matar Yaya. Ko daga baya ne in tsaya. In gan ta kawai."

"Yayanka ya sake ni. Ba ni da wannan sunan." Ta nuna masa kusurwar da ke bayan kwamfutar, tsakanin kabad da bango, inda kyamara ba ta kaiwa. "Can. In ka yi tari na kashe."

Ya je ya tsaya. Daga can ba ya ganin komai sai bayan kwamfuta da fuskarta.

Kiran ya daɗe yana ƙara kafin a ɗaga. Hannun namiji ya gilma, ya jingina wayar da wani abu, ya janye ba sallama. Sai ga yarinyar a kan farin matashi, cikin rigar asibiti da ta yi mata yawa, an manna mata roba a bayan hannu. Ta rame, haƙoranta na gaba da suka faɗi sun fito manya.

"Umma!"

"Mamana." Sunan mahaifiyarta aka sa wa yarinyar, ba ta taɓa kiranta da wani suna ba. "Mamana, kin ga yadda kika girma?"

Yarinyar ta shiga zuba. An hana ta cin komai tun jiya. Wata nas tana da kunnen roba da take jin zuciya da shi. An ce za a sa ta barci, in ta tashi za ta iya gudu kamar kowa. Umma, akwai zafi? Sakatariya ta ce babu, ko kaɗan, kamar barcin rana ne. Ta ce su yi addu'ar da suke yi da, yarinyar ta biyo ta, ta manta tsakiyar, suka sake daga farko.

A kusurwa Injiniya ya toshe baki da tafin hannu. Kafaɗunsa na girgiza. Gwiwar hannunsa ta bugi kabad, ƙarfen ya yi ƙara.

"Umma, waye a wurinki?"

Sakatariya ta ɗaga ido. Ya sauke hannunsa daga baki, ya matso rabin taku, yana dubanta. Can cikin kwamfutar an fara jin ƙarar ƙafafun gadon da za a tura yarinyar a kai.

"Ba kowa," ta ce. "Mai gyaran kwamfuta ne. Shi ya haɗa mu."

"To ki ce masa na gode."

"Ya ji, Mamana," ta ce, ta mai da idonta kan 'yarta. "Ya ji."