Hwararen Duwatsu da Garkar Iliyasu

Akwai wani ƙauye gabas da Keita inda ƙorama ke saukowa daga tudu tana cin gonaki kowace damana. Sai wata ƙungiya tac ce za ta gina baraji ta tare ruwan. Kowa ya yi murna ban da Iliyasu, don garkar albasarshi da rijiyar da ya gina da hannunshi suna nan bakin ƙoramar. In ruwa ya taru, har ina za shi kai?

Wadda anka aiko ta gano amsa ita ce Nasiba, ɗiyar garin Madawa, mai aikin awon ƙasa. Ta zo bisa moto da ɗan jirgin nan marar matuƙi da ake ce ma dron. Ku bari in gaya muku yadda abin yake, don akwai ban sha'awa. Jirgin shina tashi ya ɗauko hotuna barkatai, sannan ordinatar, wato kwamhuta, ta ɗinke su, awa mace na haɗa ƙyallaye ta yi zane guda. Amma ordinatar ba ta san inda zanen zai zauna bisa ƙasa ba sai an kahe mata shi. Shi ya sa Nasiba ta bi gonaki tana zaɓen duwatsu masu hwaɗi, ta shahwa musu hwarin penti, ta aza na'urar awo bisa kowane ta ɗauki ainihin wurinshi. Ran Alhamis ke nan. Juma'a iska ya hana jirgin tashi, sai Asabar.

Da ta koma biro, ohishinsu na Keita, taswira ta hito a karkace. Yamma lahiya lau. Amma gabas, wajen garkar, hanyar amalanke ta tanƙware, lambobin kuskure sun yi jawur, rijiyar Iliyasu kuma tana tsakiyar inda ruwan baraji zai kwanta.

Isaka, abokin aikinta, ya leƙo yac ce, "To ga amsa nan, garka ta nutse. Ki cire duwatsun da ke gardama, mu aika."

"Su ne hwa na kusa da garkar," in ji Nasiba. "In na cire su, da mi zan auna ta?"

"Na'urarki ce tag gaji."

"Na gwada ta nan tsakar gida, ƙalau take."

Ta yi ta buɗe hotunan ɗaya bayan ɗaya, tana jawo su kusa. Duwatsun suna nan, hwarare tas. Can sai ta kira abokin aikinta.

"Isaka, zo ka gani. Na gabas ɗin nan a jere suke, reras."

"To mi a laihin jeri?"

"Ni ban jera su ba. Warwatsa su na yi."

Washegari ta hau moto ta koma ƙauyen. Tun ba ta kashe shi ba Iliyasu ya tare ta.

"Madam, in hwara neman wani wuri?"

"Baba, dakata mani tukuna."

Ta bi na'urarta har wurin da ta san ta bar dutse. Ba kome sai gurbinshi cikin ƙasa. Ta ɗaga kai, sai ga shi can nesa, zaune bisa jerin duwatsun da ke tare ruwan sama a gindin gona, pentin na kallon sama. Tana tsaye tana mamaki sai ga Kulu, shugabar matan garin, da ƙwarya bisa kai.

"Ɗiyata, kin gan su ko? Ba wanda ya ɓace."

"Inna, wa ya kawo su nan?"

"Mu mana! Ran Juma'a munka yi gayyar gyaran jeri, kahin ruwa ya sauka."

Ku ji dalili. Matan nan tun suna 'yammata, zamanin proje na gyaran ƙasa, da kansu sunka ɗauko duwatsun da anka tare tuddan nan da su. Har yau ba mai iya wuce dutse kwance banza cikin gona ba ta duƙa ba.

"Mun san naki ne," in ji Kulu. "Shi ya sa ba mu sa su ƙasan jeri ba. Bisa munka aza su, munka goge musu ƙasa, don jirginki ya gan su da kyau. Ai ya gan su ko?"

Nasiba ta yi dariya har ta dahe moto. "Ya gan su, Inna, walle ya gan su! Tun Asabar wani ya taɓa su?"

"Wa zai taɓa abin da na aza?"

Ashe ba sai an sake tada jirgi ba. Inda duwatsun suke yanzu, nan suke cikin hotuna. Nasiba ta bi jerin tana auna su sabo, Kulu na biye tana nuna mata wanda ta ɗauko da kanta, tana yaba nauyinshi. Sannan ta zauna ƙarƙashin gawo ta ba ordinatar sabbin lambobin. Anka jira, anka jira. Iliyasu ya tsuguna, ya tashi, ya sake tsugunawa.

Hanyar amalanke ta miƙe. Jan nan ya ɓace.

"Baba, ga rijiyarka, ga bakin ruwa. Ba ya kai mata. Amma zai ci shingen zogale da hwangalin albasa na ƙasa."

Iliyasu ya kahwa ma hoton ido. "Wagga 'yar ɗigon ita ce rijiyata? Duk wahalar da na sha?"

"Ita ce."

"Zogale kam a sake dasa shi," in ji shi. Ya miƙe ya karkaɗe riga, ya nuhi garka shina auna sabon wurin shinge da ƙahwa.