Romon Kifin Ƙasimu

Ƙasimu sai kurɓa yake yi daga kwano, har romon kifin yana ɗiga a tabarma. Habi, matarsa, ta tsaya ta kare ƙofar ɗaki da jikinta, kunnenta yana zaure.

"Don Allah yi sauri, kahin Inna ta dawo."

Bai cika wata da barin giya ba. Shekaru ya yi yana sha a ɓoye, a wata rumfa bayan dam ɗin Goronyo, in ya ɗaure kwalekwalensa. Da idanunsa suka koma ruwan ɗorawa, Habi ta kai shi asibiti. Nan Malama Selina, ma'aikaciyar jinya, ta ja ta gefe ta ce giya ta taɓa hantarsa, ta rarake masa jiki. A riƙa ba shi wake da kifi da ƙwai da zogale, kaɗan-kaɗan, a kai a kai.

"Kar ki bari yunwa ta kama shi," in ji ta. "Yunwa tana saurin mayar da su wurin kwalba."

Amma a gida sai aka ce ciwon shawara ne, mai shawara kuwa ba a ba shi maiƙo. Inna Tani, mahaifiyarsa, ta kafa doka: kunu zalla da jiƙon sassaƙe. Mutumin da ke cika kasuwa da kifi, wai shi ne ba zai lasa ba! Abin nan yana ci wa Habi rai. Kullum Ƙasimu ƙara ramewa yake yi.

* * *

Ba su ji shigowar Inna ba.

"Ƙamshin mi nike ji haka?"

Inna ta ture Habi, ta fizge kwanon daga hannun ɗanta.

"Kashe mini shi kike son yi?"

Habi ta durƙusa. Ta yi wa mijinta alkawarin rufa asiri, amma ga ƙasusuwan wuyansa a waje.

"Inna, ki gahwarce ni. Ba shawara ta ba. Giya ta. Malamar asibiti ta ce in bai ci ba, komawa za ya yi."

Ƙasimu ya sunkuyar da kai. Habi ta jira salati da kuka. Inna kuwa sai ta leƙa tsakar gida, ta saki labule, ta rage murya.

"Ke kina tsammanin ban sani ba? Tun bara nike jin warinta ga rigunanshi. Na hwaɗa ma garin ga duka shawara ta. Maƙwabta su ji yana cin kihi, su ce mi? Wa za ya ƙara tsayawa kusa da shi ga sahun salla? Wa za ya nemi ɗiyanku?"

"Inna, ranshi hwa?"

"Rai na hannun Allah."

Ta fita, ta juye romon a makwarara. Kaji suka taru.

* * *

Da la'asar Habi ta dafa ƙwai a gidan ƙawarta, ta ƙulle shi a gefen zane, ta dawo da sauri. Ta tarar da tabarma ba kowa. Takalmansa ba sa nan. Ga kunun Inna ya yi sanyi, ko taɓa shi bai yi ba.

Daga zaure ta jiyo Inna tana amsa gaisuwar maƙwabciya.

"Alhamdulillahi, jiki ya yi sauƙi. Har ya hita shan iska bakin dam."

Habi ta tsaya a tsakiyar ɗakin. Ƙwan yana nan a ƙugunta, da sauran ɗuminsa.