Zuciyar Aro

Shekara bakwai Muntaka dillalin doya yana neman kujerar Makka, kuma tun kafin ta samu ya hana yaran shagonsa kiransa da komai sai Alhaji. Bana ta samu. Saura abu ɗaya tak, takardar lafiya, wadda sai an gwada zuciyar mutum ake sa mata hannu.

Nan fa hankalinsa ya tashi, don ya san kansa. Daga bakin kasuwar Lafia zuwa masallaci sai ya tsaya sau biyu don ya huta, yana yi kamar gaisawa yake da mutane. Amma Muntaka mutum ne mai dabara, ko ba a tambaye shi ba, zai gaya maka haka. Ya aika Kwandere aka kira masa ƙaninsa Ya'u, manomi, wanda bai taɓa kwana a asibiti ba. Sun yi kama, katin asibitin Muntaka kuma ba hoto. Ya'u zai kwanta a matsayin Muntaka, shi kuma ya zauna gefe a matsayin ɗan rakiya.

Ya'u bai yi musu ba. A gidansu ƙani ba ya mayar wa yaya magana, ko da yayan ya ce rana daga yamma take fitowa. Ya dai ambata a hanya cewa tun asuba ƙirjinsa ke masa nauyi, har zuwa hannun hagu. Muntaka, wanda karatun likitancinsa bai wuce shagon kemis ba, ya ce olsa ce, ya sayi madara ya ba shi.

A asibiti, nas ɗin da ke kula da injin gwajin zuciya, wata mai suna Wandoo, ta sa Ya'u ya tuɓe riga. Ta manna masa wayoyi shida a ƙirji, huɗu a hannuwa da ƙafafu. Ganin yana zufa, ta ɗauka tsoro ne, ta ce kada ya damu, injin ba ya ba da wuta, saurare kawai yake. Zuciya tana da nata lantarkin, shi ke sa ta bugawa, injin kuma zana shi yake a takarda. Muntaka ya gyaɗa kai kamar da shi aka ƙera injin.

Takarda mai ƙananan gidaje ta fito. Wandoo ta duba, ta sake dubawa, ta fita da sauri. Muntaka ya yi murmushi. A ganinsa zuciyar ce ta yi kyau har za a nuna wa manya.

Dokta Norbert ya shigo riƙe da takardar da kati. Ya nuna musu layin da alƙalami. Bayan kowane tsini, in ji shi, ya kamata zanen ya dawo ƙasa ya daidaita. A nan kuwa ya ƙi saukowa, ya yi tudu, a layi uku a jere. Ma'anarsa wata jijiya da ke shayar da zuciya ta toshe, naman wurin yana mutuwa yanzu da suke magana. Akwai allurar da ke narkar da gudan jinin, kuma kowane minti yana da muhimmanci.

Sai ya buɗe katin, fuskarsa ta canza.

"Malam Muntaka, kati ya ce wata biyu da ya wuce mun kwantar da kai, kana aman jini. Gaskiya ne?"

Ya'u ya juya ido ya dubi yayansa. Zufa na zuba masa har cikin kunne.

"Haka ne, likita," in ji Ya'u.

"To, akwai matsala. Idan na ba ka wannan allura, jini zai ɓalle a cikinka, ba zai tsaya ba. Sai dai mu nemi mota zuwa Abuja. Ban san ko zuciyar za ta jira ba."

Tsoro ya kama Muntaka, da kunya irin wadda bai taɓa ji ba. Kuma don a faɗi gaskiya, sai da ya yi tunanin kujerar. Ya tuna farin yadin da ya riga ya saya, da mutanen da ya yi wa alkawarin tsaraba. Har ya fara lallashin kansa cewa Abuja ai ba nisa. Ya'u kuwa ya rufe ido, a shirye yake ya mutu da sunan wani don kada ya kunyata yaya a gaban baƙi.

"Likita," in ji Muntaka, "ni na yi aman jinin. Ni ne Muntaka. Wannan ƙanina ne, Ya'u. Bai taɓa ciwon ciki ba."

Dokta Norbert ya dube shi daga hula zuwa takalmi. Bai ɓata lokacin zagi ba. Ya soke sunan da ke saman takardar, ya ce wa Wandoo ta kawo allura, ya ce wa Muntaka ya jira a waje, shi ma akwai wayoyi goma da ke jiransa.

Muntaka ya kai bakin ƙofa ke nan Ya'u ya kira shi, da ƙyar muryar ke fita.

"Yaya, ka yi haƙuri. Na ɓata maka tafiya."